Muryar da Kawu Ya Zana

Kawu ya rasu cikin hunturu, a wani asibiti da ke arewacin Paris, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Ƙanen mahaifiyata ne, shi ne autansu. Ni aka fara kira a waya, don ni ake ganin zan iya faɗa wa Inna ba tare da hawan jininta ya tashi ba. Na same ta a kicin ɗinmu a Rillieux tana tsince shinkafa. Na faɗa mata. Ta yi innalillahi, ta ture tiren gefe, ta ce in nemo mana tikitin jirgin ƙasa na safe. Ba ta yi kuka ba, ni kuma ban yi mamaki ba, don na san abin da ke tsakaninsu.

Gidansa yana Stains, can saman bene, kuma asansar ɗin, na'urar hawa benen, ya lalace kamar yadda ya saba. Duk da haka mutane suka yi ta hawa da ƙafa, suna haki, suna cire takalma a bakin ƙofa har suka taru suka tare hanya. Inna ta zauna kusa da Tanti, matar marigayin, suna karɓar gaisuwa. Ana cewa ya haƙuri, suna cewa mun gode Allah.

Wani Alhaji ɗan Chadi mai shagon nama kusa da Porte de la Chapelle ya zauna ya kasa tashi. Ya ce Kawu ne ya yi masa allon shagonsa. "Na ce ya zana mini saniya, sai ya ce wace saniya? Na ce saniya dai, Malam, ai saniya saniya ce. Ya ce shi bai san wannan ba. Sai da na zauna na ba shi labarin jar saniyar mahaifina mai karyayyen ƙaho, sannan ya ɗauki buroshi. Ita ce a saman ƙofata har yau."

Limamin masallacinsu, wanda ya yi masa salla, ya ce: "Ni da bawan Allah nan mun shekara da shekaru muna gardama a kan zanen abu mai rai. Bai yarda da ni ba, ban yarda da shi ba. Amma ban taɓa juyowa bayan sallamar asuba na rasa shi a sahu ba."

Akwai kuma wata tsohuwar Bafaranshiya da suka yi aiki tare tun suna matasa, wadda kowa a gidan yake kira Madam. Ta cire takalmanta kamar kowa, amma ta rasa inda za ta ajiye su, sai ta zauna cikin mata tana rungume da su tana hawaye. Wani mutum kuma da babu wanda ya san shi ya shigo, ya yi addu'a, ya fito da wani ƙullin tsofaffin tikitin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da aka ɗaure da roba. Ya ce lokacin da yake kwana ƙarƙashin gada, sabon zuwa, wani dattijo yakan kawo musu shayi, ya yi musu tafinta, wata rana kuma ya ba shi wannan. Ya kaɗa tikitin da babban yatsa, sai ga raƙumi yana tafiya a gefensu, ya durƙusa, ya tashi. Ya nuna mana, ya mayar aljihu. Bai ce zai bar mana ba, mu ma ba mu roƙa ba.

Ina rubuta wannan ne don ƴaƴana sun san shi a matsayin tsohon da ke zana musu jaki a takardar burodi, ƴaƴansu kuwa ko wannan ba za su sani ba. Kuma akwai wani aiki da ya mutu ya bari babu murya, wanda mutum ɗaya ce kawai a duniya za ta iya kammala masa, ita kuwa ta rantse ba za ta yi ba. Mutumiyar nan uwata ce.

Kawu ya fara zane ne a jikin manyan motoci a tashar Damagaram. Daga nan ya bi hanya har Paris yana saurayi, ya yi shara, ya yi dako, sannan Allah ya haɗa shi da wani gidan da ake yin abin da muke kira desan anime, ƴan Najeriya su ce katun. A wancan zamanin da hannu ake zana komai, takarda bayan takarda. Babban mai zane zai zana mutum hannunsa a ƙasa, ya zana shi hannunsa a sama, sai a miƙa wa Kawu ya zana duk abin da hannun ya yi a hanya. Wannan ne aikinsa har gashinsa ya fara fari. Da ordinatar ta zo, wato kwamfuta, aka rufe gidan, aka sallame su. Bai yi ƙorafi a gabanmu ba. Ya koma zanen allunan shaguna, kuma a ƙaramin ɗakin da ya kamata ya zama na baƙi ya haɗa teburinsa: gilashin wata tsohuwar taga, fitila a ƙarƙashi, madubi a gaba.

A teburin nan ya shiga yin nasa finafinan. Gajeru ne, kafin ka shanye kofin shayi sun ƙare. Duk labaran bakin iyaka ne, na fatake da masu korar shanu da suke taka ƙasa tsakanin Damagaram da Kano da tabkin Chadi, tun iyakar ba ta wuce wani dutse da Nasara ya kafa a daji ba. Labaran ƙarya ne irin na zaman hira, da maharbin da kibiyarsa ta kwana tana tafiya, da makiyayin da ya yi kiwon guguwa. Mukan kalle su ranar Salla a zauren da ƙungiyar ƴan gida take haya. Manya su yi ta dariya, yara kuma su yi ta tambaya da Faransanci me aka ce.

Yana da ƙa'idar aiki da ba ya karyawa. Murya ake fara ɗauka. Zai zaunar da mutum, ya sa shi ya ba da labarin, sannan ya yi makonni yana sauraron kaset ɗin, yana maimaita maganar a gaban madubi, yana kallon bakinsa, yana zanawa. Ya ce in ka zana baki kafin ka ji magana, ƙarya ka yi wa mai bakin. Alhaji mai nama ya yi masa muryar kura, Tanti ta yi ta wata tsohuwa mai sayar da nono.

Mutum ne da ba a tafiya da shi in ana sauri. Sai ya tsaya cak a tsakiyar titi yana kallon yadda tattabara ke sauka, ko yadda wata tsohuwa ke ɗaga jakar cefane. Yatsunsa ba sa zama, kullum suna kaɗa gefen wani abu, ko jarida, ko bakin zanen tebur. Fensir yana bayan kunnensa har a masallaci. Kalmarsa kuwa guda ce: "A sake." In shayi bai yi ba, a sake. In ka ninke masa riga a karkace, a sake. Ni na fi kowa shan ta, don ni mai sauri ce, kuma ba na jin kunyar faɗa. In na kira shi daga wurin aiki na ce, "Kawu, lafiya? Dama tambaya ce," sai in ji ya ce, "A sake." Dole in koma farko, ina kwana, ina gajiya, ina sanyi, ina Tanti, ina maƙwabta. Wata rana na ce masa kuɗin waya ba shi ke biya ba. Ya ce to in rubuto masa wasiƙa, amma ita ma da gaisuwa za ta fara.

Rigimarsu da Inna a gabana aka yi ta, a falona.

Kakarmu, wadda su suke kira Iya, ta rasu tun Inna tana Damagaram. Inna ce ta yi jinyarta ita kaɗai, ta juya ta, ta wanke ta, ta rufe mata ido. Kawu bai je ba. Takardunsa na zama suna hannun hukuma a lokacin, in ya fita ba za a bar shi ya dawo ba. Ya aika abin sadaka, ya yi waya gidan maƙwabta. Wannan shi ne uzurinsa, kuma gaskiya ne. Amma Inna ba ta taɓa karɓarsa ba.

A farkon shekarun dubu biyu na haifi ƴata ta fari, muka kawo Inna Lyon don wankan jego. Tsakiyar bazarar Turai ce. Kawu ya taso daga Paris ranar wata Lahadi da jirgin safe, tikitin komawarsa na yamma a aljihu, da wata baƙar jaka a kafaɗa. Rabonsu da ganin juna tun Iya tana da ƙarfinta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata ta'aziyya, suka ɗan share hawaye, muka ci abinci. Na ce a raina shi ke nan, an wuce wurin. Ana idar da azahar sai ya buɗe jakar, ya fito da rikoda da makirfo, ya jera su a kan tebur.

"Yaya, Mai Dunduniya nake so ki yi mini."

Mai Dunduniya wani labari ne na gidanmu. Daga Iya ya fito, ban taɓa jin sa a bakin wasu ba.

Inna ta dubi taga. Rana tana tsaye ƙwal a kan benayen unguwar. A gida ba a yin tatsuniya da rana. Ana tsorata yara da cewa wanda ya yi zai ɓata a hanya, manya kuma ko ba su yarda da hakan ba, ba sa yi, kamar yadda ba za ka ga dattijo yana cin abinci a tsaye a kasuwa ba. Ta ce, "Da tsakar rana?"

Matsalar ita ce a watan nan rana ba ta faɗuwa a Lyon sai lokacin da mutanen gida suka daɗe da yin isha'i. Jirginsa kuwa zai tashi tun tana sama. Maimakon ya ce zai kwana, sai ya yi dariya. Ya ce a ja labule mana. Ya ce nan Faransa ce, kowace kwanar titi da allonta, wa zai ɓata?

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kai da ba ka zo ka ɗauki gawarta ba, yau ka zo da inji ka ɗauki muryarta? Kuma ko kwana ba za ka yi ba. Mai da kayanka."

Ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe wayar makirfon a hankali. Na bi shi har matakala da jaririya a hannu, na ce don Allah ya kwana, in rana ta faɗi ta huce. Ya ce yana da allon da zai kai gobe. Na ji haushinsu su duka biyun, shi da rashin dabararsa, ita da taurin kanta, kuma na faɗa wa kowannensu a fuskarsa. Babu wanda ya saurare ni.

Inna ba ta koma gida ba. Baba ya riga ya rasu, ga ciwon gwiwa, sai ta zauna tare da mu. Ita da Kawu ba su yanke zumunci ba, kada a ce na yi musu ƙage. Duk Salla yana kira, su yi gaisuwa cikakkiya, ba a tsallake ko akuya ba, amma gaisuwa ce da babu komai a cikinta. Yana zuwa suna, yana zuwa dubiya. Baƙar jakar nan dai ba ta sake shigowa Rillieux ba.

Wata shekara aiki ya kai ni Paris, na sauka wurinsu. Na leƙa ɗakin zane na same shi gaban madubi, bakinsa yana motsi, babu sauti, kuma babu kaset a rikoda. Ya motsa baki, ya duba, ya sunkuya ya zana. Na ce, "Kawu, ina muryar?" Ya nuna kunnensa da fensir. Ashe tun dawowarsa daga gidana ya fara zana Mai Dunduniya, ya karya ƙa'idarsa da kansa, yana bin muryar da ke cikin kansa tun yana yaro.

Na ce ai ni ma na san labarin, a bakin Inna na ji shi, ya kawo makirfo. Ya kunna mini ɗan abin da ya gama, na fara. Ban yi nisa ba ya ce a sake. Na sake. Ya ce a sake. Haka ya yi ta yi mini har raina ya ɓaci, na dangwarar da makirfon na ce ya nemi wata.

"Kina gudu," in ji shi. "Ita ba ta gudu. Kuma kina numfashi inda ba a numfashi."

Alhaji mai nama ya yi tayi, Tanti ta yi tayi, duk ya ƙi. Da na dawo Lyon na ba Inna labari, ina fatan zuciyarta za ta yi laushi. Tana yanka kuɓewa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ba ni yake nema ba. Muryar Iya yake nema, ni tsani ce kawai. Ba ta wurina. Tana cikin kushewa, ya san hanya."

Shekaru suka ja. Hannunsa ya fara rawa, sai ya riƙa tallafe na dama da na hagu yana zane. Madam ce ta riƙa ɗaukar takardun a jakar cefane tana kaiwa gidanta, tana shigar da su ordinatar ɗin da ta kore su daga aiki. Da aka kwantar da shi na je dubiya. Na ce in kawo Inna? Ya ce kada in wahalar da ita da gwiwa, zai fito. Na tambaye shi fim ɗin, ya ce ya ƙare. Na ce ya ƙare ina, babu murya? Ya ce, "Akwai. Ku ne ba ku ji ba." Ban kawo ta ba, shi kuma bai fito ba.

Ranar sadakar uku, bayan an ci an watse, ƴan gida kawai suka rage, da Alhaji mai nama, da Madam. La'asar ta wuce. Madam ta fito da faifai daga jakarta, ta tambayi Tanti da Faransanci ko ya dace a kalla a rana irin wannan. Tanti ta ce mijinta ne, a sa. Inna tana kusurwa da carbinta, ta juya rabin baya ga tele, wato talabijin.

Fim ɗin fari da baƙi ne, sai ruwa kawai da ya sa wa shuɗi. Mai Dunduniya ƙaton mutum ne, kansa ba ya shiga hoton sai ya sunkuya. In ya daka dunduniya a ƙasa rijiya ce take fitowa. Masu shanu suna bin sa gabas, duk inda ƙishi ya kama su sai su roƙe shi ya taka. A bakin iyaka wani sojan Nasara ya tambaye shi ɗan wace ƙasa ne, ya duba ƙafarsa ta dama a wannan ƙasa, ta hagu a waccan, ya ce a tambayi ƙafafun. Daga ƙarshe ya isa tabkin Chadi, ya ga ruwan da ba shi ya haƙa ba, ya zauna yana kuka don aikinsa ya ƙare, sannan ya juya ya nufi inda ake jin ƙishi. A bayansa akwai ɗan jaki mai ɗauke da guga, kuma jakin Kawu ya ba aikin ba da labarin. Tun daga farko har ƙarshe bakin jakin nan yana motsi, ba a jin komai sai ƙarar injin faifai.

A wuri ɗaya abin ya zama kamar kuskure. Daidai lokacin da ƙaton ya ɗaga ƙafa zai yi takun farko, sai komai ya tsaya, ƙafar tana sama. Jakin ya juyo ya kalli mai kallo, ya faɗi wata gajeriyar magana, ya yi shiru yana jira, kunne ɗaya a miƙe. Ya daɗe a haka. Sannan ya gyaɗa kai, ya juya, ƙafar ta sauka. Madam ta ce ta sha gaya masa ya yanke wurin, yana kashe labarin, ya ƙi. Tanti ta ce ita ma ta tambaye shi mi jakin yake cewa, ya ce ba da ita yake ba.

Fim ya ƙare. Alhaji ya ce kai, aiki har aiki, ga shi kurma. Wayar wani ta kira magariba, muka tashi muka yi salla. A Paris cikin hunturu rana tana faɗuwa tun mutane ba su taso daga aiki ba. Da muka dawo falo Inna ta ɗaga labule ta duba waje. Fitilun titi sun kama. Ta saki labulen, ta jawo kujera gaban tele, ta zauna, ta gyara mayafinta.

"A sake," ta ce.

Na mayar da faifan farko. Jakin ya fito, ya buɗe baki, Inna ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Mu duka, har Madam da ba ta san amsar ba, muka yi wani gunaguni, Alhaji ne ya amsa da kyau.

Da farko ta ɗan riga jakin, sai ta lura ta sassauta, ta koma yadda take yi mana muna yara. Daga nan suka haɗu. Inda ta ja numfashi, jakin ya rufe baki. Inda ta ja kalma, ya tafi, ya tafi, ya yi ta tafiya, bakin jakin ya tsaya a buɗe har ta sauke. Inda take ɗan tauna leɓe kafin ta yi muryar mai shanu, jakin ya tauna nasa. Ni da na girma a gabanta ban san tana yin haka ba sai ranar.

Aka zo wurin ƙafar. Komai ya tsaya, Inna ma ta tsaya, don a labarin babu magana a nan. Jakin ya juyo, bakinsa ya motsa, ya wuce ta.

"Mai da shi baya."

Na mayar. Ta matso har kusa da gilashin, ta ƙura wa bakin ido. Na ga leɓenta yana bin nasa. Ta ce in ƙara mayarwa. Wannan karon da jakin ya juyo, ta faɗa a hankali, kuma kowace gaɓa ta zauna a wurinta:

"Auta, zauna, ko in bari."

Jakin ya miƙe kunne yana jira. Ita ma tana jira. Babu wanda ya motsa a falon. Da ya gyaɗa kai, ƙafar ƙaton ta sauka, shuɗin ruwa ya ɓullo, amma Inna ba ta ci gaba ba. Ta rufe fuska da mayafi. A nan ta yi kukan da ba ta yi a kicin ba, ba ta yi a jirgi ba, ba ta yi da aka fita da shi ba. Na tsayar da faifan.

Da ta samu kanta ta gaya mana. Yana yaro, duk lokacin da aka zo wurin nan sai ya miƙe tsaye a kan tabarma ya shiga daka dunduniya, wai shi ma zai fid da ruwa, har yakan kusa ture fitila. "Iya dariya take mishi in ya yi. Ba ta taɓa hana shi ba, ai auta ne. Ni ce mai faɗan. Iya tana gama aiki barci take, ni nake mishi labarin yana kwance a jikina." Ta share ido da gefen mayafi. "Ashe ba ita yake nema ba."

Can kuma ta dubi jakin da ke tsaye a tele, ta ce duk dabbobin da Allah ya halitta, a rasa wanda zai ba muryarta sai jaki. Tanti ta yi dariya tana kuka. Inna ta ce a ci gaba, ta kai labarin har bakin tabki, har ƙaton ya juya baya.

Washegari bayan magariba Madam ta zo da na'urarta, Tanti ta ɗauko makirfon Kawu daga baƙar jakar, aka ɗauka. Inna ba ta yarda an fara ba sai da ta leƙa taga da kanta. A wurin jiran nan ana jin numfashinta yana sarƙewa. Madam ta tambaye ni ko ta goge shi, na ce ta bar shi yadda yake. Yanzu fim ɗin yana da murya, ana nuna shi da Salla tare da sauran, kuma a gidanmu ba a kunna shi sai rana ta faɗi.

Allah ya jiƙan Kawu. Allah ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya haskaka makwancinsa a ƙasar baƙi, ya haɗa shi da Iya inda babu takardar da za ta hana mutum zuwa. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau.

A jirgin komawa Lyon Inna ta zauna gefen taga. Muka fita daga gidaje muka shiga gonaki. Tun la'asar ba ta gama ba duhu ya fara rufe su. Ta daɗe tana kallon waje, carbin yana hannunta ba ta ja.

"Dubi yadda rana take saurin faɗuwa," ta ce. "Da ma lokacin sanyi ya zo da jakar nan."